Baƙin Yalon Gwaggo Bahija

Shekara talatin da huɗu ke nan rabon Hajja Nabawiyya da sa baƙin yalo a bakinta, kuma shekara talatin da huɗu ke nan rabonta da kiran sunan yayar mijinta. A garinmu na Tanta kuwa, inda yalo ne naman talaka, wannan ba ƙaramin azumi ba ne. Duk layinmu babu wanda bai san dalili ba, don babu wanda ta ƙyale, har mai kawo tukunyar gas ya sha labarin sau uku yana tsaye da kaya a kafaɗa. Kwananta biyar da haihuwar 'yarta Intisar, tana kwance tana jego, sabon wata bai tsaya ba, sai ga yayar mijin, Bahija, ta faɗo mata ɗaki da jakar cefane, yalo baƙi wuluk yana leƙe ta bakin jakar. Shi ke nan, mushahara, wato ɗaurin haihuwa, ta kama ta. Ta yi kwana ashirin ba ta san inda kanta yake ba, har mugat, abin shan masu jego mai zaƙin nan, ya koma mata ɗaci a baki. Da ta tashi kuma mahaifa ta ƙulle. Sunaye biyar ta tanada tun tana amarya, ɗaya kawai ta samu wanda za ta sa wa, har Allah ya yi wa mijinta Abdulmaƙsud rasuwa.

Dokar ai ba a ɓoye take ba, yarinyar da ko ƙirgar dangi ba ta fara ba ta haddace ta. Daga ranar da mace ta haihu har a ga sabon wata, ba a shigo mata da baƙin yalo, ba a shigo mata da ɗanyen nama, wanda ya taɓa aska ba ya shiga, wanda ya dawo daga maƙabarta shi ma ya tsaya a waje. In ita ce ta fito ta tarar da su, babu laifi. Shigowar ce masifa, nono ya ƙafe, haihuwa ta tsaya. Matan yanzu dariya suke yi wa abin, amma ka lura da kyau, waɗanda suka fi ƙyaƙyatawa su ne ke sa miji ya ajiye naman a firjin maƙwabta.

Hajja Nabawiyya ba ta cikin masu dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. In ta biyo ta kasuwa ta hangi tulin yalo, sai ta tofar da yawu ta kau da kai. In kuwa Bahija ta hango, wadda ba ta kira da komai sai Mai Yalo, tsallaka titi take ko da mota na zuwa.

To, ga Intisar ta haihu, bayan shekara tara ana zaryar asibiti ana shan hulba. 'Ya mace ce, ta zo ranar sha ɗaya ga wata.

"Yarinyar nan ba ta da lissafi," in ji Hajja tana leƙa fuskar jikar. "Da ta yi haƙuri ta zo ran ashirin da takwas, kwana biyu mun gama. Yanzu kwana goma sha tara zan yi a bakin ƙofa."

Ba wasa take ba. Ta tattaro kayanta ta hau hawa na huɗu inda 'yar ke aure, ta ja kujera ta dasa a bayan ƙofa, ta saƙala sarƙa. A cinyarta ta ajiye murfin tukunya. Shekara biyu ke nan da al'ada ta yi mata sallama ta bar mata wani zafi da ke tasowa daga ƙirji ba sallama, ya jiƙa ta sharkaf, kuma duk mafitan duniya ba wanda ke mata aiki irin murfin nan. Zafin ma a wuyan Mai Yalo ta rataya shi. Tana fifita ta rantse da kabarin mahaifiyarta, ita an ɗaure ta, amma tana numfashi ba mai ɗaure mata 'ya.

Matsalar guda ce, Rajab mijin Intisar aski ne sana'arsa, shagonsa na tsallaken titi. Ran da aka dawo da mai jego gida ya biyo baya da kwandon kaya, baki har kunne, sai ya ji an dafe masa ƙirji.

"Ina zuwa?"

"Gidana mana, Hajja."

"Kai nawa ka aske yau?"

"Uku kacal, kafin a kira ni."

"Uku! Mutum uku ka shafa wa aska, sannan ka kwaso hannun za ka shigar wa 'yata? Juya."

"To bari in wanke da sabulu."

"Ko da ruwan Zamzam. Sai wata ya tsaya."

"Wallahi na yarda in rufe shagon, Hajja, ba zan ƙara taɓa aska ba har ranar."

"Shekara ashirin kana riƙe da ita, ta shiga jininka."

"To a ina zan kwana?"

"Kujerar nan da kake kwantar da mutane kana yanka musu kunne, ai na ga tana miƙewa."

Haka bawan Allah ya koma shago da zama. Safe da yamma yakan tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga kai, Hajja ta fito baranda ta ɗaga masa jaririyar a naɗe cikin bargo uku. Daga ƙasa ba abin da ake gani sai bargon, amma Rajab ya dinga rantse wa masu wucewa cewa hancinsa ne sak. Cefane kuwa a kwando ake sa shi, Hajja ta ja da igiya ta baranda ta bincike shi ɗaya bayan ɗaya. Kaza sai an dafa ta a gidan maƙwabta take hawa. Rannan baƙin inibi ya sa a kwandon don ya faranta wa matarsa, Hajja ta juya shi, ta shinshina, ta mayar masa, ta ce ba ta yarda da danginsa ba.

Ran kwana na biyar da hantsi Intisar ta ture kofin mugat, wanda Hajja ta tsaya a kansa da man shanu da riɗi.

"Mama, sanyi nake ji. Ƙaro min bargo."

"Sanyi? A watan Yuli? Ni nan kamar an sa ni a tanda."

"Marata ma murɗawa take, kuma jinin ya canza, wari yake."

"Jinin biƙi da ma ba turare ba ne. Ni ma haka na yi."

Ta ɗora tafin hannu a goshin 'yar, ta ji zafi rau. Sai dai a daidai lokacin nata zafin ya taso, zufa ta keto mata har bayan kunne. Ta ce ai hannunta ne, ita yanzu ko bango ta taɓa sai ta ce yana zazzaɓi. Ta kuwa taɓa bangon don ta tabbatar, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta ce ba a gwada mutum da siminti, ta je ta kunna turaren wuta.

Kafin azahar haƙoran Intisar sun fara haɗuwa. Jaririya na kuka, uwar ko ɗaga ta ba ta iya yi. A nan tsoro ya kama Hajja na gaske, amma sai ya tura ta inda ya saba tura ta. Wani abu ya shigo. Ta ina? Ta duba ƙarƙashin gado, ta zazzage jakar jariri, ta buɗe firji ta ƙirga tumatir. Tana dawowa ɗakin sai idonta ya faɗa kan talabijin, ga wani ƙaton mai girki da farar hula yana yanka yalo fale-fale, yana murmushi, yana kallon gadon mai jego kai tsaye.

"Lahaula! Tun yaushe wannan la'anannen yake ɗakin nan?"

"Mama, shirin girki ne..."

"Da izinin wa ya shigo?"

Ta zare waya daga bango, ta lulluɓe akwatin da zanen gado, ta juya fuskarsa ga bango don ƙarin tabbaci. Tana juyowa kuma ta tarar da Intisar ta kara wayar hannu a fuska, tana magana da ƙyar. A cikin gilashin wayar Rajab ne tsaye a shagonsa, aska a hannun dama, kumfa a na hagu, yana tambaya, "Tun yaushe kike rawar sanyin?"

Hajja ta saki salati. Ta toshe ƙofa, ta tsare baranda, ashe ta waya ɗan banzan yake shigowa, da askarsa tsirara! Ta fizge wayar, ta jefa ta a kwando, ta zura masa ita ƙasa tun yana cikinta yana cewa, "Hajja, ki saurare ni, Hajja!"

Rajab dai bai iya faɗa da suruka ba, amma ya san lambar da zai kira. Bayan la'asar kaɗan Hajja ta ji ana hawo matakala, takun mai nauyi, a yi hawa biyar a tsaya a yi nishi a ambaci Allah. Aka ƙwanƙwasa.

"Waye?"

"Ni ce."

Shekara talatin da huɗu ba su goge mata muryar ba. Ta buɗe iyakar inda sarƙa ta bari, ta sa ido ɗaya. Bahija ce, tsohuwar nas da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa, ta tsufa ta rankwafa, tana haki. A hannunta jakar cefane. A bakin jakar kuwa, wallahi ba ƙari, yalo uku ne baƙaƙe suna ƙyalli.

"Innalillahi! Kin gama da uwa, kin dawo ki ƙarasa 'ya?"

"Ina kasuwa yaron nan ya kira ni yana kuka. In zubar da cefanena a titi? Haƙorana sun ƙare, Nabawiyya, yalo kaɗai nake iya taunawa."

"Allah ya zubar da dasashin ma."

"Amin, in dai za ki buɗe. Kuma ki yi sauri, hawa huɗu na hawo, marata ta daina riƙe amana. Tari ɗaya, ɗigo ɗaya."

"Yi a nan, matakalar ta mai gidan haya ce."

Daga can ciki Intisar ta kira da 'yar murya, "Gwaggo ce? Mama, ki bar Gwaggo ta shigo."

"Yi shiru, mugun ido ne ke sa ki sambatu."

Bahija ta laluba ƙasan jakar ta zaro ma'aunin zafi, ta zuro shi ta tsagar ƙofa. "Ban ce ki yarda da ni ba. Sa mata wannan a hammata, ki kawo min in karanta."

Hajja ta karɓe shi da yatsa biyu. Abin da ya kwana da yalo a jaka ɗaya! Sai da ta wanke shi da ruwan gishiri sau bakwai, ta karanta masa Falaƙi da Nasi, sannan ta kai. Da ta dawo da shi Bahija ta ɗaga shi ga haske, fuskarta ta canza.

"Talatin da tara da rabi. Yanzu za a kai ta asibiti."

"Ƙarya yake, abin naki ne, bakinku ɗaya. Ni da nake ci da wuta, bari ki ga abin da zai ce."

Ta yarfa shi, ta cusa a nata hammatar, ta tsaya tana fifita da murfin tukunya, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ta miƙa shi da gadara.

"Talatin da bakwai," in ji Bahija. "Naki zafin na shekaru ne, ba ya kisa, sai dai ya sa mutum masifa. Nata ne na gaske. Marar tana ciwo? Jinin yana wari?"

Hajja ta kau da kai, ta ci gaba da fifita.

Bahija ta ajiye jakar, ta dafa bango, ta sassauta murya. "Nabawiyya, ran nan da na shigo miki da yalo, wa ke zaune a bakin ƙofa?"

"Kada ki sa mahaifiyata a bakinki."

"Sai na sa, Allah ya jiƙanta. Kina tsammanin yalo na zo kawo miki? Ina kasuwa Abdulmaƙsud ya same ni, ya ce tun jiya kina rawar ɗari, jini yana wari. Na rugo da cefanen a hannuna, kamar yau. Na taɓa ki, na ce a ɗauke ki yanzu-yanzu. Mahaifiyarki ta ga yalo ta kurma ihu, ta fitar da ni da tsintsiya, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa kamar yadda kika yi. Zazzaɓin ya riga ni shiga ɗakin da kwana guda, 'yar'uwa."

"Hulba da turare suka tashe ni."

"Ƙwayoyi nake ba ƙanena a bayan masallaci, yana dakawa yana zuba miki a mugat in tsohuwa ta shiga sallah. Sai a kwana na tara ya samu hanya. Ba ki taɓa tambayar abin da ya sa mugat ɗinki yake ɗaci ba?"

Murfin tukunyar ya tsaya cak a hannun Hajja. Ɗacin nan! Ɗacin da ta kafa hujja da shi a gaban duk wanda ya tsaya saurarenta, har mai gas.

"To me ya hana ki faɗa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"In faɗa wa wa? Kina hango ni kina tsallaka titi, har mai keke ya taɓa kwashe ki. Ƙanena kuma ya roƙe ni. Ya ce, Yaya, bar ta da yalonta. Gara ta tsani yalo da ni da ke, da ta tsani uwarta."

Kunya ta rufe Hajja Nabawiyya, da baƙin ciki, da wani tsoro sabo wanda ba shi da alaƙa da kayan miya. Ta waiwaya ta kalli kujerar da ta kwana biyar a kai. Amma abin da aka shayar da mutum tun yana goye ba ya fita a tsaye ɗaya, sai ta kama igiyar ƙarshe.

"Ba a shigo mata," ta ce, "amma ita tana iya fita. Ku tsaya nan, ni zan kawo ta."

Ta ruga ɗaki ta tallafo Intisar. "Tashi, 'yar nan, taku goma ne kawai zuwa ƙofa." Intisar ta sauko da ƙafa, ta miƙe, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale ƙasa ta ja uwar suka zube tare. Hajja ta yi ta kiciniyar ɗaga ta, ina! Jikin yarinyar kamar garwashi, wannan karon kuma ba ta ce hannunta ba ne. Intisar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Mama, kada in mutu in bar ta."

Hajja ba ta san lokacin da ta isa ƙofa ba. Ta fizge sarƙar har sai da ƙusa ɗaya ta fita.

"Shigo! Shigo da yalon da komai!"

Bahija ta shige, gwiwar da ta ƙi hawa ta manta da ciwonta. Ta dire jakar a kan gadon mai jego, yalo ɗaya ya gangaro ya tsaya a jikin matashi. Ta danna marar Intisar, ta duba ƙyallen, ta leƙa baranda ta ƙwala wa Rajab kira ya zo da mota da ƙarti biyu. Sannan ta ce, "Saura ni," ta nufi banɗaki da ɗan gudunta.

Rajab ne ya fara shigowa, aska a aljihun riga, ya baro wani bawan Allah a shago da rabin gemu. Bayansa mai tasi, dogo, takalmansa duk jar ƙasa.

"Ku yi haƙuri da ƙurar," in ji shi, "yanzu na sauke mutane daga jana'iza."

Hajja ta runtse ido. "Saura mahauci," ta ce.

Ba ta rufe baki ba sai ga Garib mahaucin ƙasan bene, wanda Rajab ya janyo don ƙarfinsa, da rigar aikinsa jina-jina, yana tambayar ina za a kama. Duk abin da ta kwana biyar tana tsarewa ya hallara a ɗaki ɗaya cikin minti uku. Suka ɗora Intisar a kujerar nan ta bakin ƙofa, suka sauko da ita hawa huɗu, mahauci a gaba, mai aski a baya yana kuka yana cewa a yi a hankali. Hajja ta biyo su da jaririya a hannu ɗaya, murfin tukunya a ɗayan, don ta manta ta ajiye shi.

A asibiti, ana kiran magariba likitar ta fito, wata 'yar siririya mai tabarau, Dakta Mirfat. Ta ce ciwo ne ya shiga mahaifa bayan haihuwa, an sa mata ruwa da allurai, za a riƙe ta kwana uku. Nono kuma ta ci gaba da bayarwa.

"Kun kawo ta a kan lokaci. Da an ƙara kwana biyu, da ba wannan maganar muke ba."

"Za ta sake haihuwa?" Hajja ta tambaya.

"In Allah ya so. Ban ga abin da zai hana ba."

Hajja ta matsa kusa, ta rage murya, ko da yake duk barandar ana jin ta. "Likita, a ce wata mata ce, ba ni ba. Ta yi irin wannan zazzaɓin, aka bar ta a ɗaki kwana tara. Kuma an shigo mata da yalo. Daga nan ba ta ƙara haihuwa ba. Wanne ne a ciki?"

Likitar ta dube ta ta saman tabarau. "Ban ga matar a lokacin ba, Hajja, ba zan rantse ba. Amma irin wannan ciwon in an bar shi yana toshe hanyar haihuwa. Yalo kuwa, iyakar sanina, man girki kawai yake shanyewa." Ta nuna murfin tukunyar. "Wannan fa?"

"Fifita nake."

"Yana hana ki barci? Ki zo ran Talata, akwai abin da ake yi. Ke ma Hajja," ta juya ga Bahija, "tun ɗazu sau huɗu kina tambayar banɗaki. Ki biyo ta."

"Ni nas ce, 'yata, shekara talatin..."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Hajja Nabawiyya.

"Ni kuma me na yi?" in ji Rajab, wanda aka miƙa wa 'yarsa karo na farko, yana ta juya ta yana neman hancin.

Washegari da safe zazzaɓin ya fara sauka. Intisar ta sha shayi, ta ba da nono, ta yi barci. Hajja ta fito ta zauna a bencin baranda, ta gaji liƙis, rabonta da abinci tun mugat ɗin da aka ture jiya. Can sai ga takun nan mai nauyi. Bahija ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta buɗe ƙunshin jarida a tsakaninsu. Burodi ne guda biyu, an cusa musu soyayyen yalo da tafarnuwa, mai ya jiƙa takardar. Na jiyan ne, ta koma ta kwashe su daga kan gado, don ita ba ta asarar cefane.

Bahija ta ɗauki ɗaya tana mamula da dasashi. Ƙamshin tafarnuwa ya cika barandar, cikin Hajja ya yi wata ƙara da har mai shara ya waiwayo.

"Sunaye biyar na tanada," in ji Hajja, tana kallon bango. "Sabri, da Wafa, da Mamduh..."

"Na sani. Ƙanena ya gaya min."

"Mahaifiyata sona take yi. Ba don mugunta ta zauna a ƙofar nan ba."

"Na sani. Ke ma ai son Intisar kike."

Sai Hajja ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ran da aka fita da gawar mijinta. Ta yi kukan yara huɗun da ba su zo ba, da mutumin da ya daka ƙwaya a ɓoye ya mutu bai gaya mata ba, da tsohuwar nan da ta bari ana kiranta Mai Yalo rabin rayuwarta. Bahija ba ta rarrashe ta ba, ta dai tura mata jaridar kusa.

"Yaya Bahija," in ji Hajja. Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ci tukuna, ya huce."

Ta ɗauka da hannu biyu, ta yi bisimilla sau uku, ta gatsa. Ta tauna a hankali, hawaye na bin kumatunta suna sauka a kan burodin. Ashe haka la'anannen yake da daɗi! Ta sake gatsa, ta haɗiye, ta ja hanci.

"Gishirin ya yi yawa," ta ce.

"Ban sa gishiri ba," in ji Bahija. "An hana ni, hawan jini."

Hajja Nabawiyya ta goge fuska da gefen mayafi, ta miƙa hannu ta karɓe ragowar da ke hannun Bahija ma.